Dashen Yaya Hajo a Bayan Tsohuwar Mota

Aliero zuwa Jega

Ana sallame sallar asuba na fita daga gida a Aliero, ko shayi ban tsaya sha ba. Matata Kulu ta biyo ni har zaure tana cewa in bari gari ya waye, na ce mata mota zan je saye, in na yi sanya wani zai riga ni. Na sami ƙaramar motar haya a bakin titi, aka cusa mu huɗu a baya, kafin rana ta ɗaga mun shiga Jega.

Sana'ata albasa ce, ina nomawa, ina saye, ina sayarwa. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hanyar fadama. Motar haya iyakarta inda kwalta ta ƙare, daga nan sai amalanke da jakuna. Shi ya sa na daɗe ina mafarkin a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, ko da tsohuwa ce.

Bana kuma akwai dalili na musamman. Mijin yayata Hajo, Malam Arzika, ya rasu a farkon damina. Bai bar dukiya ba, amma ya bar gwangwani guda na irin albasa, nasa na kansa, wanda ya yi ta zaɓa tun yana saurayi: ja, mai siririn wuya, tana kai tsakiyar damina a ajiye ba ta ruɓe ba. Irin albasa kuwa ba ya jiran shekara biyu. Don haka tun tana cikin takaba Yaya ta yafa shi duka a bayan gidanta a Danwarai, tana ja masa ruwa da guga safe da yamma. Yanzu dashen ya isa cirewa, gonar marigayin kuma tana can cikin fadama, gaba da Maiyama. Ni na yi mata alkawarin kai shi.

Jega

Motar tana ajiye a filin wani dillali. A da fara ce. Ƙofar hagu sai an ɗaga ta take rufuwa, kujerar direba kuwa buhu aka shimfiɗa mata. Amma da aka tayar da injin, na ji sautinsa har cikin ƙirjina, na san na kamu. Abokina Labbo makanike, wanda na taho da shi daga garejinsa, ya harare ni don kada dillali ya ga haƙorana, sannan ya kwanta ya shige ƙarƙashinta. Ya daɗe yana ƙwanƙwase-ƙwanƙwase kafin ya fito.

"Shasi, ƙashin bayanta ke nan, lahiya lau, ba tsatsa, ba walda," in ji shi a hankali. "Injin ga na gas ne, sai ya binne mu dut."

"To mi ar rage?"

"Kuloci. Ya cinye. Albasarka tana ɗauka, amma kak ka ja mata abu mai nauyi sai mun samo sabo daga Sakkwato."

Na ce na ji. Aka yi ciniki, aka sha hannu, muka kai ta gareji. Nan muka wuni. An juye baƙin mai, an wanke lagireto, an canza taya ɗaya da ta yi sanƙo. Labbo ya nuna mini makullan da ke cibiyar tayoyin gaba, waɗanda sai an sauka an murɗa su da hannu kafin a saka ƙaramar giya, in ba haka ba ƙafa biyu kawai ke ja. Masu gareji suka raɗa mata suna Tsohuwa, sunan kuma ya bi ta.

Da azahar na shiga kasuwa, na ci tuwon shinkafa da kifi, sannan na sayi abu biyu da har yau nake da-na-saninsu: baƙin tamfol sabo fil, da sarƙar ja mai kauri. Labbo ya tambaye ni me zan yi da sarƙa bayan abin da ya faɗa mini. Na ce ado ne. Na naɗe ta a ƙarfen bayan kan motar, inda duk mai ido zai gani.

Danwarai

Na isa bayan la'asar. Hanyar yashi ce a wurare da dama, Tsohuwa ta bi ta kansa kamar ba komai, ni kuwa ina ta danna hon ba gaira ba dalili. Yaya ta fito ta zagaya motar, ta yi addu'a, ta ce Allah ya sa alheri. Da yamma ta yi sanyi muka shiga cirar dashe, ita da ni da maƙwabta, muna ɗaure shi dami-dami. Kore shar, kowane tsiro a miƙe. Da muka zo kan fangali na ƙarshe ta dafa hannuna.

"Sahabi, a bar wanga guda. In an kai waɗancan lahiya, sai a dawo a ɗauke shi."

"Haba Yaya! Motag ga ko gidan nan kika ce in ɗauka, ɗauka za ni yi. Mi za ya sa mu yi sawu biyu?"

Ta saki hannuna. Muka cire duka, sai 'yan tsirarun da muka raina saboda ƙanƙanta.

A gidanta na kwana. Da asuba muka jera damman a bayan mota. Ta kawo buhunan algarara da ta jiƙa, ta ce a rufa da su yadda marigayi yake yi, iska na shiga. Na ce ai da tamfol sabo, kuma kafin rana ta yi zafi mun isa, 'yan ƙwadago na can suna jira. Na ja shi na ɗaure ta kowace kusurwa tamau. Ta ba ni fura a jallo, ta tsaya a ƙofar gida har na sha kwana.

Jega zuwa Maiyama

Na ratsa Jega ana buɗe shaguna. A shingen da ke kusa da gada wani jami'i ya duba takardu, ya dubi motar, ya tambaye ni ko tare aka haife ta da kakana. Na ce ta girme shi, amma ta fi shi ƙarfi. Ya yi dariya ya ɗaga mini hannu. Daga nan zuwa Maiyama kwalta ce, ba ta kai tafiyar rabin awa ba. Na sha mai a bakin gari, na sauka daga titi, na murɗa makullan gaba, na kama hanyar fadama da hantsi. Raina fes. Har waƙa nake yi.

Fadama

Saura kaɗan in hango gonar, inda hanya ta ratsa wani kwari mai taɓo, na tarar da babbar motar kaya shaƙe da buhunan shinkafa ta nutse har gindi. Akwai wurin wucewa ta gefe. Na rage gudu don in yi musu sannu, sai na ga mai farar hula a tsaye a kan tudu. Alhaji ne, mahaifin Kulu, surukina.

Na kashe mota, na cire takalmi, na durƙusa a kan busasshen taɓo na gaishe shi. Leburorinsa har sun hau kan kaya za su fara saukewa. Alhaji bai dube ni sosai ba, kamar yadda ya saba. Motar ya duba, ya dubi sarƙar da ke walƙiya a bayanta, fuskarsa ta washe.

"Ku sauko, ku bar kayan nan!" ya ɗaga murya. "Allah ya kawo ɗana. Ba na hwaɗa muku ya sayi mota ba? Malam Sahabi, ja guda za ka yi muna."

A gaban mutanensa ya faɗi haka. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa roƙona ko allura ba, ni kuma ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in ce masa a'a. Maganar Labbo tana kunnena, dashen Yaya yana bayana. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Baba."

Aka ɗaura sarƙa. Na saka ƙaramar giya, na taka. Tsohuwa ta yi gurnani, tayoyinta huɗu suka tona ƙasa, babbar motar ta motsa kamar taku guda ta koma. Aka ce saura ƙiris. Aka sa itace da ciyawa, aka sake. Aka haƙa, aka sake. Kowane ja sai in ce wa kaina wannan ne na ƙarshe, yanzu zan wuce. Rana ta take tsaka. A wurin babu bishiya ko ɗaya. Sau biyu na zagaya baya, na ɗora hannu a kan tamfol na ji yana ƙuna, amma na san in na buɗe shi, daidai yake da in ce wa Alhaji ya tsare ni da kaya masu lalacewa. Direbansa ma cewa ya yi in bar kayan yadda suke, nauyinsu na taimaka wa tayoyin baya su kama.

Muka yi azahar a kan tudu, muka koma. Ƙauri ya fara shigowa cikin mota, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. Na san ko mene ne. Na ƙara takawa. Wajen la'asar babbar motar ta yi wani yunƙuri ta fito, mutane suka sa kabbara. Ni kuwa na saka giya don in matsa gaba, injin ya yi ta ihu, Tsohuwa ko motsi. Kuloci ya ƙone.

Alhaji ya taho yana sa mini albarka. Da ya zo daidai bayan motar sai ya tsaya, ya shaƙi iska. Shi da kansa ya kwance igiya ya ɗaga tamfol. Tururi ya taso. Dashen ya kwanta ya yi laushi, ya koma kalar dafaffiyar rama, ruwa na ɗiga ta ƙasa.

"Malam Sahabi, mi ne na wanga?"

"Dashen Yaya Hajo ne, Baba."

"Irin Arzika?"

"Shi ne."

Ya cusa hannu har ƙasa yana neman mai rai, ya zaro dami ɗaya, ya narke masa a tafi. Ranar ce ya fara dubana ido cikin ido.

"Tun hantsi kana tsaye da abin ga, ba ka buɗa baki ba? Shinkahwata a buhu take. Ko kwana bakwai tay yi nan, mi za ya same ta? Kai ka wuce ka sauke, ka dawo, wa za ya ce ka yi laihi?"

"Kunya na ji, Baba."

Alhaji ya koma gefe ya zauna a ƙasa da fararen kayansa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

'Yan ƙwadagon da suka gaji da jira suka iso, muka baje damman ɗaya bayan ɗaya har rana ta yi ja. Ba mu sami abin dasawa ba.

Komawa

A Maiyama na kwana, a shagon wani abokin cinikina. Ya kawo tuwo, ban iya ci ba. Da safe aka ɗaura sarƙar nan tawa a gaban Tsohuwa, motar Alhaji ta ja mu zuwa Jega. Jami'in gada ya gane ni. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskata, ya ɗaga mana hannu kawai. Labbo ma bai ce ai na faɗa maka ba. Ya sunkuya ya shinshina, ya ce zai aika Sakkwato.

Daga nan na hau babur zuwa Danwarai. Alhaji ya so ya raka ni, na roƙe shi ya bari. Duk tsawon hanya ina shirya maganar da zan faɗa, da na shiga gidan ta gudu. Labari ya riga ni. Yaya ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambaye ni gajiya.

"Shinkahwar Alhaji ta hita?"

"Ta hita, Yaya."

"To madalla. Kai ma ka dawo lahiya, shi ne babba."

Na ce ta yafe mini. Na ce zan sayo mata dashe mafi kyau a Aliero, in biya 'yan ƙwadago, in dasa da hannuna. Ta ce ta gode, a dasa, gona ba za ta zauna haka ba. Ba ta ce ba irin Malam Arzika ba ne. Gwangwanin marigayi yana nan a kan taga, wanke tas, a kife.

Da zan tafi na leƙa bayan gida. 'Yan tsirarun nan da muka raina muka bari, ta bi ta tsince su ɗaya-ɗaya, ta haɗa su a kusurwar fangali guda, ta kewaye da ƙaya, ta yi musu rumfar kara. Ba su fi cikin tafi biyu ba. In Allah ya raya su suka yi kai, aka sake binnewa suka yi fure, wataƙila baɗi a sami iri cikin cokali.

Na ce mata jibi Tsohuwa za ta tashi da sabon kuloci, in sun yi ƙwari sai in zo in kai mata su fadama. Ta ci gaba da yayyafa musu ruwa da hannu, ba ta ɗago ba.

"A'a, Sahabi. Waɗanga cikin ƙwarya za ni sa su, in tahi da su da kaina."

Na iso Aliero ana kiran magariba. Ina gode wa Allah da ya dawo da ni gida, ina gode wa Labbo, da mai shagon Maiyama, da Alhaji da ya turo wa Yaya buhun shinkafa bai bari an ce daga gare shi ba ne. Tsohuwa ta warke, yanzu ba abin da ba ta ja. Ranar da Yaya ta tafi fadama, na wuce ta a bakin titi tana jiran motar haya, ƙwarya a cinyarta, rufe da jiƙaƙƙen buhu. Na rage gudu. Ta ɗaga mini hannu, ta ce in sauka lafiya.