Tabon Dutsen Niƙa

Tun da maigidana ya rasu nake zaune ni kaɗai a gidanmu na Abakpa. Ni ke share tsakar gidana, ni ke tuƙa tuwona. Babban ɗana kuwa ya gina mini ɗaki a gidansa na Mando, jira kawai yake a ce na yi tari ya turo mota a kwashe ni. Shi ya sa da ciwo ya fara murɗa ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman in na ci ƙosai, ban gaya wa kowa ba. Sai in tura ɗan dutsen niƙa cikin toka mai zafi, in naɗe shi da tsumma, in ɗora a wurin har ya lafa.

Ana nan sai ga 'yarsa, jikata mai karatun nas, ta zo da hantsi, ta rataya abin sauraron nan nasu a wuya.

"Kaka, aron cikinki na zo. Jarrabawa gare mu, a kanki zan gwada."

Na ce, "Aron ciki? Turmi ne? Ubanki da ya zauna a ciki ma bai taɓa ganinsa ba, sai ke?"

Ta yi ta magiya har na gaji na kwanta a tabarma. Fata ta fara dubawa. Ta juya tafin hannuna, ta ce lalle ya hana ta gani. Ta ja fatar idona, ta ce kwalli ya yi yawa. Ta tsunkuli bayan hannuna ta saki, tana kallon yadda fatar za ta koma.

"Tsohuwa, ba kya shan ruwa."

"Ja'ira, randar gidan nan ke ce kike cika ta?"

Ta rufa mini mayafi a ƙirji, ta sassauta zani, sai ta tsaya tana kallo kawai. Na ce in matsawa za ta yi ta matsa, ina da wanki. Ta ce a'a, ido ne farko, sannan kunne, sannan ƙwanƙwasawa, matsawa ce ƙarshe, don in ta fara matsawa hanjin zai canza kuka. Ikon Allah! Hanji ma yanzu lallaɓa shi ake.

Ta tambayi tsagar da ke hagu, na ce wanzami ne, tun ina goye, saboda saifa. Ta ɗora mini ƙarfen nan mai sanyin tsiya, ta yi ta sauraro kamar mai jin labarai a rediyo. Ta ƙwanƙwasa nan, ta ƙwanƙwasa can, sai ka ce mai sayen kankana. Ina lura da ita, idonta yana ta komawa dama, inda fatar ta yi dabbare-dabbare.

"Wannan fa, Kaka?"

"Tsufa ne."

"Tsufa a gefe ɗaya? Wannan zafi ne ya gasa shi. Me kike ɗorawa?"

Ta sa yatsu a ƙarƙashin haƙarƙarin, ta ce in ja dogon numfashi. Na ɗauka zan iya daurewa. Ina ja, numfashin ya tsinke, salati ya kuɓuce mini.

Ta daina dariya. Ta ce sai an kai ni asibiti an yi hoto, kuma dole ta gaya wa babanta.

Na tashi zaune na ɗaure zanina. Na ce, "Na ba ki aron ciki don Allah, shi ne za ki sa a raba ni da gidana? Asibiti zan je. Mando kuwa, sai dai a kai gawata."

Hoto ya nuna tsakuwa a matsarmama, aka yi aiki aka cire. Ranar sallama ɗana ya zo da mota, ya ce, "Inna, ɗakinki a gyare yake." Kafin in buɗe baki yarinyar ta ce, "Baba, Abakpa ta fi kusa da makarantarmu. Ni zan koma wurinta, in riƙa duba ɗinkin."

Ya dube ni, ya juya kan mota zuwa Abakpa.

To, ina gidana. Amma ta ɓoye mini dutse, ta hana ni ƙosai, kofin ruwa yana bina har kan sallaya. Jiya kuma ƙawayenta ta kwaso mini, kowace da abinta a wuya, wai cikina ya fi na littafi. Na ce wadda duk hannunta ke da sanyi ta je bakin murhu ta ɗumama shi tukuna.