Na-Baya, Mai Buɗe Wa Waƙa Ƙofa

Na Allah ne mu, gare Shi kuma makomarmu take. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokinmu Na-Baya, mai kaɗa gitar bas, mai kakkauran amon nan, a ƙungiyarmu ta kiɗa, bayan ya sha jinyar ƙoda. Ni ne mai fiyanon ƙungiyar, tun gashinmu yana baƙi muke tare.

Na-Baya, ka sami sunan nan ne domin kullum a baya kake tsayawa, jikin bango, kusa da lasifikarka. Ba a taɓa yi maka tafi kai kaɗai ba, kai ma ba ka taɓa nema ba.

Ka sha gaya mana cewa waƙa gida ce mai ɗakuna. Kowane kod, wato sautukan da nake dannawa tare a fiyano, ɗaki ne. Aikin mai bas ya tsaya a kan tushen kod ɗin, in an kusa komawa wani kuma ya yi 'yan taku zuwa bakin ƙofa, kowa ya ji ana shirin tashi. Kakan ce, "Wanda yake jira sai an juya sannan ya bi, ba mai bas ba ne, fasinja ne."

Da kunnen Goggo mawaƙiyarmu ya fara nauyi, sai ta riƙa makara a wurin juyi. Mu mun shiga sabon kod, ita tana tsohon. Aka fara ƙus-ƙus cewa lokacin hutunta ya yi, ita kuwa in an raba ta da waƙa an gama da ita. Ka samo faffaɗan katako, ka ɗora lasifikarka a gefe guda, ka ce ta cire takalmi ta hau ɗaya gefen. Ta harare ka. "Sikeli ne? Auna ni za ka yi?" Ka ce, "Goggo, da ƙafa za ki saurara." Takunka ya riƙa bin katakon nan har tafin ƙafarta, ba ta sake makara ba.

Da na je duba ka a asibiti, ba ciwonka ne ya dame ka ba. Ka kama hannuna na hagu, ka ce tun da ka san shi, barci yake yi, na dama ke wahala. Ka sa na riƙa danna yatsu a damtsenka, kana gyara mini taku, har ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko tausa nake koya.

Ranar da muka binne ka Goggo ta ce ta bar waƙa ke nan. Jiya na lallaɓa ta zuwa ɗakin da muke gwaji, na haɗa fiyano da lasifikarka. Ta hau katakon, na shiga yin takunka da hannun hagu, ta rera baiti guda, ta shiga juyin daidai. Sannan ta share ido ta waiwayo. "Hannunka kamar na mai fasa dutse. Sake mu ji." Muka sake.

Allah Ya jiƙanka, Na-Baya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara. Ga maiɗakinka, da 'ya'yanka mata, da ƙaninka da ya yi ta ɗawainiya a bakin gadonka, Allah Ya ba ku haƙuri da juriya. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.