Wanzamin da Suka Nuna a Talabijin

Wasan da ake nunawa a talabijin kan kisan Alhaji Gambo, ɗan takararmu, ya ɗauko labarin ne daga safiyar Juma'a. Nan kam sun yi daidai. Ni ne wanzaminsa. Ƙarfe bakwai da rabi na buɗe zabirata a ƙofar gidansa a Haɗeja. Yana shan koko yana tsokanata, wai askata ta fi bakin 'yan adawa dakushewa.

Takwas saura kwata muka ji babura uku. Aka yi harbi biyu a bakin layi. Alhaji ya tashi da kumfa a ka, ya faɗa zaure, ya kwanta bayan buhunan shinkafa.

'Yan bindigar da ke kan baburan suka tsaya a kaina.

"Ina yake?"

A wasan, wanzamin ya yi shiru. Suka fasa masa baki da gindin bindiga, bai ce uffan ba. Ɗan wasan ya iya, har riƙon aska ya koya. Ni kuwa ko marina ba a yi ba. Gaskiya ne ban yi magana ba. Leɓe na turo wajen zauren, yadda ake nuna wa baƙo hanyar kasuwa.

"Tashi ka ɓace!"

Ban kai ƙarshen layi ba na ji harbi uku. Na bi ta fadama ba takalmi. Na faɗi a kan kututture, leɓena ya tsage. Azahar ta same ni a bakin kogi, wani masunci ya ƙetarar da ni. Washegari da la'asar na isa Baturiya, gidan kawuna. Wata huɗu ban leƙa kasuwa ba.

Da na dawo mutane suka ga tabon, suka ƙarasa labarin da kansu. Ban gyara musu ba. Daga bakinsu masu wasan suka ɗauka. Duk wanda ya ce mini jarumi, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige don kunya.

Bayan an nuna kashi na ƙarshe, Hajiya, matar marigayin, ta aiko kirana.

"Malam Sale, an samu jika, an yi wa Alhaji takwara. Ba hannun da zai yi masa askin suna sai naka."

Na buɗe baki in faɗa mata gaskiya. Sai na ji na ce, "Allah ya raya."

'Ya'ya bakwai Alhaji ya bari. Duk bakwai ɗin durƙusawa suke su gaishe ni.