Motar ƙanƙara a taɓon Kwamba

Tayoyi huɗu suna ta wulwulawa, mota ko motsi. Cikinta ya zauna daram a taɓon unguwarmu, Kwamba.

Wata damina ce a shekarar alif ɗari tara da casa'in da wani abu. Maƙwabcina, Oga Sabo, ya sayo 'yar tsere mai kujera biyu, wai a Turai ƙanƙara take ketawa. Gaskiyar magana, gajiya ya yi da rage mana hanya, mu maƙwabta, zuwa Abuja kullum.

Ya leƙo, ga shi ya makara ofis: "Malam Idi, ku taimaka ku tura mana."

Muna nan cirko-cirko cikin ruwan sama da lemominmu, na ce, "Oga, mutum nawa take ɗauka?"

"Ban da ni, ɗaya."

"To, zaɓi ɗayan ya tura."

Ranar bas ɗaya muka shiga, shi a matse a tsakiyarmu.

Tsakani da Allah, ku da kun tura?