Ɓarawon Iskar Tayar Kawu

Ko na manta da komai na shekarun da ake aikin madatsar Bakolori, rigimar iskar taya da ta kusa raba kawuna da direbansa ba za ta fita raina ba.

Ina kwalejin horon malamai lokacin, na dawo Mafara hutun bazara. Kawuna falken dabbobi ne, ya sayi a-kori-kura mai manyan tayoyi don ɗauko raguna daga Dosara. Direban abokinsa ne tun na ƙuruciya, akushi ɗaya suke ci. Hanyar kuwa rabi sabuwar kwalta ce, rabi yashin gulbi.

Sai taya ta fara fashewa. Ta farko aka ce ƙaddara. Da ta biyu ta tashi a kan kwalta, motar ta afka gonar albasa har rago ya karye, sai fuskar kawu ta canza. Ya lura kullum motar ta dawo da yamma tayoyin sun yi laushi. Zamanin kuma zukata ba su kwance, mutane da yawa sun rasa gonaki saboda madatsar, duk mai sabon abu ana kallonsa da gefen ido. Kawu ya ƙudurta cewa abokan hamayyarsa na kasuwar dabbobi sun saye direban.

Ya kira ni zaure ya ce, "Kai ba ka da surutu, amma idonka na gani. Gobe ka bi shi. Duk abin da ya yi ka hwaɗa min."

Na bi shi, ina riƙe da littafin da ban karanta ko layi ɗaya ba. A bakin gulbi ya tsaya, ya waiga hagu da dama, ya tsuguna ya danna bakin tayar da tsinken ashana. Iska ta fara fita.

Ya ɗago ya ce, "Ɗalibi, wani na son kashe ni. Kullum da sahe sai in iske tayoyin ga sun yi tauri kamar dutse. Taya mai tauri nutsewa take cikin yashi, in ta ji zahi kuma ta tashi da mutum. Kada ka gaya ma kawunka, ban san ko da hannun 'yan gidanku ba."

Nan na tuna abin da nake gani bayan sallar asuba ina karatu a zaure. Kawu yakan kira mai faci da famfonsa, ya tsaya kansa yana cewa, "Ƙara! Ƙara dai!" Ba ma'auni, sai an buga tayar da ƙarfe ta yi amo kamar ganga. A wurinmu a lokacin, taya mai kyau ita ce mai tauri. Kuma yakan gargaɗi mai facin kada direba ya ji.

A dawowa na ga sauran rabin matsalar. Direban ba shi da famfo, don haka da ragowar iskar nan ya hau kwalta mai zafi, ga raguna maƙil. Da muka tsaya na taɓa tayar, kamar tanda, laushin ya sa ta ɗau zafin da zai iya fasa ta.

Bayan la'asar na tarar kawu ya tara dattawa a ƙofar gida, ga Alƙur'ani a naɗe a kan buzu don a rantsar da direban cewa ba a saye shi ba. Ya dube ni. "Ka ga ya sace iska ko ba ka gani ba?"

Na ce, "Na gani, kawu."

Direban ya yi mini kallon da har yau nake gani. Ya ja buta zai yi alwala, ya ce, "Zan rantse, Alhaji. Amma in na aje Littahi, ni da kai sai a lahira."

Ni ko gaisuwa a taron manya wuya take mini. Idona a ƙasa na ce, "Kawu, shi yana ragewa a gulbi don kada motar ta kafe. Kai kuma kana ƙarawa da asuba."

Can wani tsohon mahauci ya fashe da dariya. "To ga maƙiyan naku nan, kuma akushi guda suke ci!"

Direban ya ce, "Ashe kai ne ka son kashe ni!"

Kawu ya ce, "Kai mi ya hana ka hwaɗi?"

"Kai mi ya hana ka tambaya?"

Aka mayar da Alƙur'ani cikin gida. Washegari kawu ya sayo gejin auna iska da famfon ƙafa. Na karanta musu ma'aunin da ke rubuce a jikin ƙofar motar, na lokacin kaya da na babu kaya. Daga nan sai a rage a bakin yashi, a mayar kafin kwalta. Taya ba ta sake fashewa ba a bazarar.

Amma har hutuna ya ƙare, direban a gidansa yake cin tuwo. Kullum da magariba kawu ya buɗe akushi, ya dubi hanya, ya jima bai sa hannu ba.

Tun daga ranar, in abu ya ɗaure mini kai game da mutum, sai in daure in tambaye shi tun da wuri. Na ga yadda ake mayar wa taya iska cikin ɗan lokaci, na kuma ga yadda aminci ke daɗewa bai cika ba in zato ya huda shi.