Ganyen da Gwaggo Ta Share a Abhur

Abubuwa da yawa sun same ni a Jidda na manta su, amma Larabar da Gwaggo ta share ganyen Madam, ita kam ba na jin za ta taɓa fita daga kaina.

Ni a Karantina aka haife ni, a nan na girma. Gwaggo ƙanwar babana ce, daga wani ƙauye a gefen Maraɗi ta zo umra ta zauna, ba takardar iƙama ba kafilin da zai tsaya mata, tana wanki da shara a gidajen mutane. Shekarar da aka fara rushe unguwarmu mu muka koma Mahjar, ɗaki biyu muka samu, har falo sai da aka shimfiɗa katifa. Ɗakin Gwaggo ma an riga an shafa masa jan fentin masu rusau, jira kawai ake. Sai Allah ya kawo mata aiki a Abhur, gidan wasu Turawa 'yan Amurka, har da ɗan ɗaki a bayan kicin mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Amma gwaji aka ɗauke ta. In ta yi musu ta zauna, in ba ta yi ba halas, a sallame ta. Kuma duk mun san in ta rasa ɗakin nan ba ta da inda za ta ajiye kanta.

Ranar da hantsi ina kwance ina danna waya sai ga kiranta. Murya ƙasa-ƙasa ta ce in zo yanzu, ta yi ɓarna amma ba ta san ɓarnar da ta yi ba. Na ce Gwaggo ya za a yi mutum ya yi ɓarna bai san ta ba? Ta ce shi ya sa ta kira ni, tunda ni ce mai jin Turanci. Turancin nawa na makaranta ne da na waya, amma a gidanmu ni ce farfesa. Na zura abaya na nemi mota. Wanda ya san Jidda ya san daga Mahjar zuwa Abhur tafiya ce sosai.

Direban gidan ne ya buɗe mini ƙofa, wani dattijo ɗan Chadi mai son tsokana. Tun kafin in gama gaishe shi ya ce, “Kin zo ta'aziyyar shara?” Shi ya ba ni labarin. Da safe ya kai Madam sayen talo-talo. Gwaggo ta shiga ɗakin cin abinci ta tarar da busassun ganyaye warwatse a kan tebur, kan kabad, har jikin madubi, wasu ja wasu rawaya. Ta ɗauka yaran gidan ne suka kwaso datti. Ta san gobe za a yi baƙi, ta ce wallahi ba a gidan da take aiki ba. Ta tattare su tas, ta goge tebur har yana ƙyalli, ta kai leda babban bola na bakin titi, motar baladiyya kuma ta zo ta kwashe. Da Madam ta dawo ba ta yi faɗa ba. Tsayawa ta yi tana kallon teburin, idonta ya kawo ruwa, ta haye sama ta rufe ƙofa. Direban ya ƙara da cewa ya ji ta a waya da maigidan, Turancinsa ba yawa amma ya tsinci cewa bayan biki za a nemi wata.

Na samu Gwaggo a kicin zaune a kan bokiti, ta haɗa kai da gwiwa. Tsoro take ji, amma fa a ranta ba ta yarda ta yi laifi ba. Cewa take mace da hankalinta, da kuɗinta, ga furanni cike da gari, ta rasa abin da za ta yi wa kuka sai shara. Ni kuma gaskiya abin da ya fi damuna a lokacin son sani ne. Wane irin biki ne ake yi wa ado da mataccen ganye? Na zauna na shiga bincike a waya. Ashe biki ne da suke yi a ƙasarsu duk shekara lokacin kaka, dangi su taru su ci abinci, kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai. Kuma a can in kaka ta yi itatuwa canza launi suke, gari duka ya koma ja da ruwan goro kafin ganyen ya zube. Na daɗe ina kallon hotunan. Mu a Jidda zafi ne da ɗan sauƙin zafi, ban taɓa ganin itace ya yi haka ba, kai ko kakar Hausa ma a bakin manya kawai nake jin ta.

Na nuna wa Gwaggo na ce bikin kaka ne. Ta ɗago kai ta ce, “Kaka? To ina hatsin?” Na ce ban ga hatsi ba, kabewa dai na gani da masara. Ta tambaya ko bauta ce, don ita ba za ta sa hannu a abin bauta ba. Na ce iya abin da na karanta ci ne da godiya. Ta ce to godiya ba ta da laifi. Ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido, ta ƙare wa ganyen kallo ta ce, “Ke ɗiyata, wannan ai ganyen kuɓewa ne ya sha rana.”

Ni na kawo shawarar mu yi namu. Na san ba zai zama ɗaya ba, amma zama haka ma ba zai dawo da komai ba. Akwai jakunkunan takarda masu ruwan ƙasa jibge a sito, Gwaggo ta ce ko ɓawon ƙwai ba za ta ƙara taɓawa a gidan nan ba sai an ce ta taɓa. Dole direba ya je baƙala, ɗan kantin unguwa, ya roƙo mana wasu, ya haɗo da kurkum da zoɓo. Lalle kuma akwai a jakar Gwaggo. Muka baje a tsakar bayan kicin, muka dama kowanne a roba daban, muna tsoma takarda muna shanyawa a kan igiya.

Kurkum ya ba mu rawaya mai kyau, lalle ya ba da ruwan ƙasa mai ɗan ja. Zoɓo ne ya ci amanarmu. A roba ja wur, yana hawa takarda sai ya koma wani shuɗi-shuɗi kamar tabon duka. Na tsaya ina mamaki, na sake tsomawa, haka dai. Gwaggo ta matse lemun tsami a ciki don ta ce haka take yi in zoɓonta ya yi duhu, sai ga jan ya dawo. Na yi ta ɗiga lemun a kan takarda ina kallon launin yana juyawa, har ta ce in ba aiki na zo yi ba in koma Mahjar. Ga iskar Jidda mai danshi, takarda ta ƙi bushewa, sai da muka bi su da dutsen guga ɗaya bayan ɗaya. Kicin duka ya ɗauki ƙamshin kurkum da ƙonanniyar takarda.

Yanka ne ya fi ba mu wuya. Ina kallon waya ina bi da almakashi, duk wanda na yanka sai ya fito kamar sawun kaza. Muna cikin haka, wajen la'asar, muka ji motsi. Madam ce tsaye a bakin ƙofa, fuska a kumbure, ƙamshin ne ya sauko da ita. Ta dubi igiya, ta dubi hannayenmu da suka koma rawaya. Na tattaro Turancina na ce ni 'yar wan Gwaggo ce, muna ba da haƙuri, muna ƙoƙarin gyarawa ne. Ta matso kusa da igiyar. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ce ba haka yake ba. Ni na ɗauka shi ke nan. Sai ta miƙo hannu na ba ta almakashin, ta ninke takarda biyu ta yanka gefe ɗaya, ta buɗe, sai ga ganye sak na hoton. Ta ce tun tana 'yar firamare rabonta da yin wannan. Ta jawo kujera ta zauna.

Tana yanka tana magana, ina juya wa Gwaggo. Ganyen daga itacen ƙofar gidansu ne, gidan da aka haife ta. Duk shekara mahaifiyarta ke tsince masu kyau, ta danne su cikin littattafai har su bushe, ta aiko mata. Bana tsohuwar ta kasa zama ita kaɗai, an sayar da gidan, waɗannan su ne na ƙarshe. Gwaggo ta ce in tambaye ta ya amfanin gona bana a wajensu. Madam ta ce su ba su da gona, ko kakanta bai yi noma ba. Gwaggo ta dube ni, na san maganar bikin kaka ba gona ce ke cin ta, na harare ta ta haɗiye.

Sai Gwaggo ta daina taɓa takardun. Can ta tashi ta shiga ɗakinta, ta fito da wani ɗan ƙulli a tsumman atamfa da ya koɗe. Ban taɓa ganinsa ba. Ta kwance a hankali a kan tebur. Busasshiyar yakuwa ce, ta yi baƙi, rabi ta zama gari. Ta ce in gaya wa Madam wannan innarta ce ta shanya da hannunta a bayan ɗaki, ta ba wani alhaji ya kawo mata, kafin ta kai ga dafawa aka bugo waya tsohuwar ta rasu. Tun lokacin ba ta iya zuba ta a tukunya ba, sai dai ta buɗe ta shaƙa ta mayar.

“Ki ce mata da wani ya zubar mini da wannan, ban san mi zan yi mishi ba. Ɗazu tsoron aiki ya sa na ba ta haƙuri. Yanzu na san abin da na zubar.”

Na fassara yadda zan iya, ina jin rabin maganar ya zube a hanya, amma Madam ta gane. Ta sunkuya ta shaƙi yakuwar, ta yi atishawa, su biyun suka yi dariya da hawaye a fuska. Gwaggo ta ɗebi kaɗan ta zuba a ƙaramin kofin gahawa ta tura mata, ta ce a ɗora a teburin, ba zai maye nata ba amma shi ma daga hannun uwa ya fito. Ni dai ina tsaye da dutsen guga, ban san inda zan sa idona ba. Maganar aiki kuwa ba wanda ya tayar, na koma gida ban san matsayin Gwaggo ba.

Washegari Madam ta ce in zo in taya su. Mun zura ganyayen a zare mun rataya a bango, sauran mun watsa a tebur tsakanin ƙananan kabewa, kofin Gwaggo a tsakiya. Daga nesa wallahi sun yi kyau, daga kusa kuma ƙamshin miya suke. Na laɓe a ƙofar kicin ina kallon komai: talo-talo kamar ɗan rago, wani jan abu mai zaƙi da suke ci da nama, da yadda suka bi layi kowa yana faɗin abin godiyarsa, har yara. Gwaggo ta ɗanɗana naman ta ce mutanen kirki ne amma ba su san yaji ba. Ana cikin ci wata baƙuwa ta miƙa hannu za ta barbaɗa yakuwar a farantinta, ta ɗauka kayan ƙamshi ne. Madam ta yi wuf ta riƙe mata hannu ta ce wannan ba na ci ba ne.

Bayan magariba baƙi suka watse, muna wanke-wanke Madam ta shigo ta ce in gaya wa Gwaggo wata magana. Gwaggo ta saki soso a ruwa. Madam ta ce wata mai zuwa suna da wani bikin, za su kafa itace a tsakiyar falo, don Allah kar ta fitar da shi waje. Na tsaya ina juya maganar, sai da na kai kan “wata mai zuwa” na gane abin da aka ce mana. Na gaya wa Gwaggo. Ta sauke ajiyar zuciya ta yi hamdala, ta goge hannu a zane, sannan ta ce, “Itace cikin falo. To. Tambaye ta ana ba shi ruwa ko a'a.”

Abin da na koya a ranar shi ne in abu ya ba ni mamaki a wajen mutum, in tambaye shi tukuna kafin in yanke masa hukunci ko in kai hannu. Mu da muke zaune a ƙasar da ba tamu ba, kusan kowa yana da ɗan abin da ya ɓoye daga gida, wanda in wani ya gani ba zai ba shi ko riyal ɗaya ba. Tambaya ba ta cin komai, kuma sau da yawa amsar ta fi abin da nake zato daɗin ji.