Kaka Sahura da fim ɗin kurkuku

Shekarar da Kawu Isufu, ƙanen babanmu, ya dawo daga Bawku da talabijin da na'urar faifai a bayan lorinsa, ita ce shekarar da muka yi wa Kaka Sahura butulci. Ba zan ɓoye ba, ni ce ma na fara. Kafin nan, a gidanmu na unguwar zango a Yendi, da an idar da magariba murhunta muke kewayewa. Man kaɗe take yi na sayarwa. Tana juya tukunya tana ba mu tatsuniya har a kira lisha.

Faifan da Kawu ya kawo na wasu Turawa ne a kurkuku, suna shirya yadda za su gudu. Kashi ɗaya yake sa mana kullum. Turancin ya fi ƙarfinmu, shi ke fassarawa, rabi gaskiya rabi ƙari. Amma daɗi ba a magana. Wannan ya ɓoye cokali, wancan yana ƙirga takun mai gadi, ana dab da kama su sai a yanke. Kwana biyar Kaka na zaune gaban wutarta ita kaɗai, ko leƙa ta ba mu yi ba.

Ran na shida ta ɗauko kujerarta ta tsuguno, ta ratsa mu ta zauna a gaba, ta kalli kashin har ƙarshe. Sai ta ja tsaki. Wai ƙatti da takalmi a ƙafa, ga gado, ga abinci sau uku, su ne ake wa wannan ihun? Ta ce a Salaga, garin da aka haife ta, an yi yarinyar da ta fita da ƙarfe a ƙafa, babu ko allura a hannunta. Mai son ji ya same ta gobe bayan magariba. Ta san sarai lokacin fim ke nan, da gangan ta yi.

Mu uku muka je. Ni kunya ce ta kai ni, don ita ke yi mini kitso. Ba ta buɗe da kirarin tatsuniya ba, ta ce wannan ba ta gizo ba ce.

Zamanin cinikin bayi, in ji ta, an kawo wata yarinya Salaga tare da ƙanwarta. Ran Lahadi aka kawo su, shi ya sa ake kiran babbar Ladi. Kowacce an sa mata mari, zoben ƙarfe a idon sawu, an haɗa shi da sarƙa. Al'adar masu cinikin ita ce, kafin a fitar da mutane kasuwa sai a kai su rijiya a wanke su, a shafe su da man kaɗe don fata ta yi sheƙi. Ladi ta lura da man nan. Duk ranar da aka shafa mata, sai ta lakaci kaɗan ta cusa cikin gashinta. Ta kuma daina cin rabonta na dawa don ƙafarta ta rame, tana tura wa ƙanwar ƙoƙon, ita kuwa yarinya tana lamushewa.

Daren da ruwa ya tsuge, masu gadi suka shige rumfa, Ladi ta shafe dunduniyarta da mai, ta murɗa, ta ja. Ƙafa ta fito. Ta juya kan ƙafar ƙanwar, ta shafa, ta ja har fata ta saluɓe. Zobe ya ƙi wucewa. Abincin da ta yi ta ba ta don tausayi, shi ya riƙe ta.

Nan Kaka ta leƙa tukunya ta ce mai ya taso, mu tashi. Muka yi ta magiya. Na ce ai wannan yankan daga fim ta koya.

«Ke tafi can, mai kan ƙwarya,» ta ce da ni. «Ina yanke wa ubanku labari tun yana yawo ba wando.»

Washegari babu wanda ya shiga ɗakin Kawu. Shi kansa ya zo wai ɗibar garwashin shayi, ya tsaya jikin bango har aka gama.

Kaka ta ce Ladi ta dubi ƙofa, ba kowa. Ta dubi ƙanwarta. Sai ta sake shafa mai, ta mayar da ƙafarta cikin marin da hannunta. Daga ranar su biyu suka riƙa binne abincinsu a ƙasa, kullum cikin fargabar a sayar da ɗaya a bar ɗaya. Sai da wani ruwan ya sake saukowa suka zare tare, suka bi daji har suka faɗo Yendi.

Kawu ne ya tambaya daga jikin bango ko su waye su.

«Kakanninka,» ta ce. «Kuma ba Ladi ce ta haife mu ba, ita ba ta taɓa haihuwa ba. Ƙaramar ce, wadda aka jira.»

A gidanmu kullum ana alfahari da kakanni fatake masu goro, ba wanda ya taɓa faɗa mana wannan ɓangaren. Kaka ta ce ta tsufa, ba ta son ta tafi da labarin kabari muna can muna tafa wa Turawa. Daga baya mun koma kallon fim, amma sai bayan lisha. Magariba ta Kaka ce har ta rasu.

Da ina yarinya wayon man kaɗen ne ya burge ni. Sai da na girma, ina ɗinki a Bawku, na fahimci sauran. Wata shekara gari ya rikice, aka sa dokar hana fita da dare. Mijina yana Yendi, ya samo mini wuri ɗaya a motar da za ta fita da safe. Ƙanwata Rabi tana wurina da tsohon ciki, an hana ta doguwar tafiya. Ta rantse ta kuma rantsewa in tafi, wai maƙwabta za su kula da ita. Na ji tsoro, ba ƙarya, har na ɗaure kayana. Direba ya yi ta hon a ƙofar gida. Na fita na ce masa ya ba wani wurin, na dawo na kwance kayan, na ɗora mata ruwan wanka.